Hayatu da Hayatou: Tarihin Suna Ɗaya Tsakanin Sakkwato, Garwa da Kano

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Birtaniya akwai wani fannin nazari da ya daɗe da kafuwa, inda mutum zai ɗauki sunan gida guda ɗaya, musamman wanda masu shi ba su da yawa, ya bi diddiginsa cikin takardu, ya ƙirga masu amsa shi a kowane lardi, sannan ya nuna yadda suka yaɗu ko suka ragu daga wannan ƙarni zuwa wancan. Tun a 1890 wani mai suna Henry Guppy ya wallafa littafi kan inda sunayen manoman ƙasar suka fi taruwa, kuma a 1979 aka kafa ƙungiya ta musamman ta masu nazarin suna ɗaya. Abin da ya sa aikin ya yiwu gare su abu biyu ne. Na farko, zuwa wajajen shekarar 1400 yawancin mutanen Ingila sun riga sun mallaki sunan da ɗa ke gada daga uba ba tare da ya sauya ba. Na biyu kuma suna da takardu: majami'u sun fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa a 1538, gwamnati ta fara nata rajistar a 1837, kuma akan buɗe wa jama'a takardun ƙidaya da sunan kowa a ciki bayan shekara ɗari. Da takardun ƙidayar 1881 kaɗai ana iya ganin cewa sunayen da ke farawa da Tre ko Pol ko Pen sun yi cincirindo a Cornwall.

Wannan takarda za ta gwada irin wannan aiki a kan suna ɗaya da aka sani a Garwa ta arewacin Kamaru, wato Hayatu. Manufa ita ce ɗalibi ya ga iyakar da hanyar Turawa za ta kai mu, da kuma inda za ta ɓatar da mu idan muka bi ta ido rufe.

2.0 Yadda muke sa suna

Bahaushe da Bafulatanin Adamawa ba su gaji sunan gida irin na Bature ba. Yaro yana samun sunan yanka ranar bakwai, sai laƙabi ko sunan rana ya biyo baya, sai kuma alkunya ta sa uwa ko kaka ta ƙi faɗin sunan na ainihi. In ana son bambanta shi da takwarorinsa sai a jingina shi ga mahaifinsa ko garinsu ko sana'arsa: Audu ɗan Musa, Audu Bichi, Audu Maƙeri. Ɗan Audu kuma zai zama wane ɗan Audu. Ke nan sunan Musa ba ya wuce jika sai ya faɗi.

Fulanin yamma, na Senegal da Gini da Mali, su suna da sunayen dangi da ake gada, irin su Jallo da Bah da So da Bari, kuma can ana iya yin ƙirga irin na Ingila. Amma Fulanin da suka kafa Fombina a ƙarƙashin Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu, ba da waɗannan sunaye ake kiransu yau da kullum ba. Tsarinsu na kiran mutum ya yi kusa da na Hausawan da suka zo musu fatauci da malanta suka zauna a Garwa da Marwa da Ngaundare.

Kalmar Hayatu daga Larabci take, ma'anarta rayuwa, kuma sau da yawa gajarta Hayatuddini ce. Wasalin u na ƙarshe shi ne dai wanda muke ji a Adamu da Sa'idu da Umaru. Suna ne na yanka, kuma idan aka kwatanta shi da Muhammadu ko Abubakar ko Usmanu, ba shi da yawa. Rashin yawan nan ne ya sa ya dace da wannan gwaji.

3.0 Hayatun Balda

Mutum na farko da ya fito da sunan a tarihin arewacin Kamaru shi ne Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wato tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu. Ya baro ƙasar Sakkwato a ƙarshen shekarun 1870, ya sauka Yola inda aka girmama shi saboda asalinsa da iliminsa, daga nan ya ƙara gabas ya kafa zama a Balda, kusa da Bogo a yankin Marwa. Da labarin Mahadin Sudan, Muhammadu Ahmad, ya iso a farkon shekarun 1880, Hayatu ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, Mahadi kuma ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Balda ta cika da almajirai da mayaƙa, abin da bai yi wa Lamiɗo Zubairu na Yola daɗi ba, har ta kai su ga yaƙi.

Hayatu ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa, kuma yana tare da shi a zamanin da aka ci Barno a 1893 aka mayar da Dikwa hedikwata. Ƙawancen bai yi ƙarko ba. A 1898, sa'ad da Hayatu ya yi yunƙurin barin Dikwa, dakarun Fadlallah ɗan Rabe suka tare shi suka kashe shi.

Abin da ya shafi nazarinmu shi ne abin da ya faru da sunan bayan mai shi. Ɗansa, Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, ya kafa gari a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, jama'a suka yi ta kwarara wurinsa. Turawan Ingila, da ke tsoron duk wani motsi na Mahadiyya, suka kama shi a 1923, suka kai shi Buea a kudancin Kamaru, daga baya suka mayar da shi Kano inda aka ci gaba da tsare shi har 1959. Ya rasu a 1978. Zuriyarsa da suka shiga boko a Kano da sunan Sa'id aka san su, ana rubuta shi Said ko Saeed. Cikinsu har da Dakta Asma'u Saeed ta Jami'ar Bayero, wadda ta yi bincike a kan rayuwarsa. Saboda haka wanda ya ɗauki jerin sunaye yana neman jikokin Hayatun Balda a ƙarƙashin harafin H zai wuce su bai gan su ba. Gidan ya yi tafiya daga Sakkwato zuwa Yola, Balda, Dikwa, Fika, Buea da Kano, amma sunan bai raka shi har ƙarshe ba.

4.0 Hayatou na Garwa

A Garwa kuwa akasin haka aka samu. Jamusawa sun kama garin a 1901, shekarar da Ingilishi suka ci Yola, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace shi a watan Yuni na 1915, daga bisani ya faɗa rabon Faransa. A zamanin Faransawa ne wani Lamiɗo mai suna Hayatu ya yi sarautar Garwa, kuma 'ya'yansa sun taso daidai lokacin da makarantar boko da takardar haihuwa da katin shaida suka fara neman kowane mutum ya cika gurbi biyu: sunansa da sunan gida. Magatakarda ya ɗauki sunan yankan mahaifi ya zuba a gurbi na biyu da rubutun Faransanci, ya zama Hayatou. Daga nan sunan ya daskare.

'Ya'yan gidan sun kai shi nesa. Sadou Hayatou, wanda aka haifa a 1942, ya zama Firayim Ministan Kamaru daga 1991 zuwa 1992, ya rasu a 2019. Issa Hayatou, haihuwar 1946, ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, daga 1988 zuwa 2017, ya kuma riƙe FIFA na wucin gadi daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016, ya rasu a Paris a 2024. Alim Hayatou ya yi sarautar Garwa tare da riƙe muƙami a ma'aikatar lafiya har rasuwarsa a 2021. Yau duk wanda ya nemi kalmar Hayatou a intanet, Garwa zai gani ta ko'ina, har ya ɗauka can ne mahaifar sunan.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Gidan Balda reshe ne na gidan Shehu, gidan Garwa kuma gidan sarautar garin ne. Haɗuwar suna ba hujjar haɗuwar jini ba ce. A Ingila, idan suna ya yi ƙaranci kuma ya taru a lardi ɗaya, manazarci yana da dalilin zaton kaka ɗaya. A wurinmu taruwar tana nuna mana inda wani mai sunan ya haifi 'ya'ya a daidai shekarun da rajista ta iso, kuma 'ya'yan suka yi fice. Da rajistar ta riga zuwa da shekara talatin ko ta makara da talatin, da wani suna dabam ne ya daskare a gidan.

Haka ya faru da Ahmadou Ahidjo, ɗan Garwa, haihuwar 1924, shugaban Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Matarsa da 'ya'yansa duk da Ahidjo aka san su, bisa tsarin Faransa, alhali kafin shi ba a san wani gida mai wannan suna da ake gada ba.

5.0 Rubutu da iyaka

Matsala ta gaba ta harshe ce tsantsa. Suna ɗaya da ake furtawa iri ɗaya a Yola da Garwa, garuruwa biyu da ke bakin kogin Binuwai, yana shiga takarda da kama biyu. Bafaranshe yana rubuta sautin u da ou, shi ya sa Umaru ya zama Oumarou, Usmanu ya zama Ousmanou. Yana rubuta j da dj, sai Jibrila ya koma Djibrilla, Hajiya ta koma Hadja. Harafin s guda tsakanin wasula biyu z yake karanta shi, don haka dole ya ninka: Isa ya zama Issa, Musa ya zama Moussa. Hamzar da ke cikin Sa'idu kuwa ba shi da wurin ajiye ta, sai ya rubuta Saïdou. A ɓangaren Nijeriya ma ba a tsira ba, domin ga Hayatu, ga Hayat, ga kuma Hayatu-Deen, kamar yadda Mohammed Hayatu-Deen, ma'aikacin bankin nan ɗan Barno da ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2022, yake rubuta nasa. Kwamfuta ba ta san cewa waɗannan abu ɗaya ba ne. Kowanne sai ta ƙirga shi daban, ta fito da taswira mai nuna suna ya tsaya cak a kan iyaka, alhali alƙalamin magatakarda ne ya tsaya a can.

Ita kanta iyakar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta shigar da Arewacin Kamaru ta Ingila cikin Nijeriya, aka kira ta Lardin Sardauna. Mutanen Mubi da Ganye suka ci gaba da rubutun Ingilishi, 'yan'uwansu na tsallake suka ci gaba da na Faransanci. Wa da ƙane na iya riƙe takardu masu suna biyu, kuma wanda ya taɓa bin maganar gado ko fasfo ko takardar makaranta a tsallaken iyaka ya san wahalar da harafi ɗaya ke jawowa.

6.0 Sarauta a gurbin suna

Ba sunan mahaifi kaɗai ne ya cika gurbin nan na biyu ba. A Nijeriya ta Arewa makarantun farko sun yawaita jingina ɗalibi ga garinsu: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Isa Kaita, Aminu Kano, kuma shi kansa Sardauna da Ahmadu Raɓa aka san shi a Kwalejin Katsina. A arewacin Kamaru abin da ke saurin ɗaukar ido shi ne sarautu da suka zama suna. Bello Bouba Maigari, Firayim Minista daga 1982 zuwa 1983, yana ɗauke da kalmar Hausa ƙarara a ƙarshen sunansa. Yerima da Galdima da Kaigama ma sunaye ne da ake cin karo da su a takardun yankin.

Mafi daɗin bi shi ne Ciroma. Asalinta sarauta ce ta Barno da ake ba ɗan sarki, ta shigo ƙasar Hausa, har Muhammadu Sanusi ya riƙe Ciroman Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1953. A Potiskum ta zama sunan gida: Malam Adamu Ciroma, gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, da Malam Liman Ciroma, Sakataren Gwamnatin Tarayya a ƙarshen shekarun 1970. Wasu kuma Chiroma suke rubutawa, bisa ch ɗin Ingilishi. A Garwa, tun da ch na Faransanci sh yake bayarwa, sai aka ƙara t a gaba, aka sami Tchiroma, kamar a sunan Issa Tchiroma Bakary, tsohon ministan sadarwa da ya tsaya takarar shugabancin Kamaru a 2025. Taswirar wannan suna, in an haɗa rubuce-rubucensa uku, za ta nuna iyakar da tasirin fadar Barno ya kai. Ba za ta nuna dangi ɗaya ba, domin kowace fada da nata Ciroma, kowane Ciroma kuma da nasa 'ya'ya.

Wanda zai ƙirga sunayen nan da gaske, to, ba daga ƙidayar jama'a zai fara ba. Kamaru ta yi ƙidaya a 1976 da 1987 da 2005, amma alƙaluma aka wallafa, ba sunaye ba. Zai fi samun abin kamawa a rajistar tsofaffin makarantu, da jerin sarakuna da hakimai da fadoji ke ajiyewa, da wasiƙun Larabci da ajami, da kuma bakin maroƙa da tsofaffin mata masu iya jero wane ɗan wane har kaka na biyar ko na shida. A kowane suna da ya rubuta, sai ya tambayi mai shi abu uku: wane ne ya fara amsa shi a gidan, a wace shekara ya fara shiga takarda, kuma da wane harshe magatakardan ya yi karatu.