Mushe: ma'anar kalmar da wuraren da ake amfani da ita

Mushe shi ne dabbar da ta mutu ba a yanka ta ba, ko ciwo ne ya kashe ta, ko ruwa ya ci ta, ko mota ta buge ta. Ba mutuwar kaɗai kalmar ke nunawa ba, har da rashin yanka. Ragon da mahauci ya yanka a kasuwar Talata Mafara nama ne. Wanda ya faɗi a hanya kafin a kai masa wuƙa ya zama mushe, komai ƙibarsa. Shi ya sa makiyayi ke gudun neman wuƙa da zarar ya ga saniyarsa tana shure-shure, don tazarar da ke tsakanin dukiya da asara ba ta wuce 'yan mintoci ba.

Alƙur'ani ya haramta cin mushe a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Sai dai hukuncin bai hau kan kifi ba. Masuncin da ke jefa taru a madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, take kuma shayar da gonakin Maradun da Bakura da Talata Mafara, ba ya yanka abin da ya kamo, kuma ba mai kiransa mushe. Fara tana da nata bayani: malaman Malikiyya sun ce sai an kashe ta da niyya, ko da ta hanyar jefa ta a ruwan zafi ne. Fatar mushe kuwa, a mazhabar, ana amfana da ita bayan jima, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita.

Ga mutum, kalmar ita ce gawa. Kiran gawar ɗan Adam mushe zagi ne mai muni, kuma mai fassara labarin haɗari ko hari da ya haɗa mutane da dabbobi a kalma ɗaya ya ci zarafin mamatan. A karin magana, ana kiran wanda ƙarfinsa ya ƙare amma har yanzu ake shakkarsa mushen gizaka.

Likitocin dabbobi suna da tasu damuwar. Bayan ɓullar cutar antaraks a Suleja a Yulin 2023, da kuma a wata gona a Zamfara a Janairun 2025, hukumomi sun gargaɗi jama'a kada su feɗe dabbar da ta mutu farat ɗaya, kada kuma su yanka mara lafiya don ceto namanta. Ƙwayar cutar kan daɗe cikin ƙasa shekaru masu yawa, don haka ake ƙona mushen ko a binne shi a rami mai zurfi, maimakon a ja shi bayan gari a bar wa ungulu.