Gadar Lugga: Daga Zungeru Zuwa Gamji

A cikin lambun Gamji da ke Kaduna, wanda yanzu ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, akwai wata 'yar gada ta ƙarfe da katako da tsawonta bai kai mita 15 ba. Asalinta ba a nan take ba. A 1904 aka gina ta a Zungeru, lokacin garin yana hedikwatar mulkin Turawa a Arewa, don Gwamna Lugga ya riƙa tsallaka rafin Dago daga gidansa zuwa sauran unguwanni. A shekarar nan ce ma aka haifi Nnamdi Azikiwe a garin.

Da hedikwata ta koma Kaduna a 1917, sai tauraron Zungeru ya dusashe, gidan gwamna ya zama kufai. Daga baya aka kwance gadar aka sake ɗaura ta a Kaduna, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Yau amanarta tana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai hedikwata a Abuja.

Wasu kan ce mene ne abin adanawa a gadar mutumin da ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903. Ina ganin shi ya sa ma ya kamata ta tsaya. Yaron da ya taka ta zai tambayi wanda ya gina ta, daga nan sai zancen yadda aka mallake ƙasar nan ya taso.

Sai dai katako ba ya jure sakaci. A Turai da Amurka rufi suke yi wa gadojin katako don kada ruwa ya ruɓar da su. Duk da haka, a 1993 gobara ta cinye yawancin gadar Lucerne ta Siwizalan, wadda ta haura shekara 600, mutanen garin kuma suka gyara ta kafin shekara ta zagayo. Tamu ba ta da rufi. Ruwan damina na dukanta, hunturu na busar da ita har katako ya tsage, ga gara, ga tsatsa. Abin da take bukata bai taka kara ya karya ba: fenti a kai a kai, maganin gara, kafintan da ya san aikin gargajiya, da kuɗin da za a ware mata duk shekara daga Abuja.