Jikar da aka nema kusan shekara 42: tarihin jariran da aka sace a Ajantina

Ranar Laraba 24 ga Nuwamban 1976, sojoji da ƴan sanda sama da ɗari suka yi wa wani ƙaramin gida ƙawanya a birnin La Plata na ƙasar Ajantina, can Kudancin Amurka. Sun yi kusan sa'a huɗu suna ruwan wuta a kansa. A bayan wani bango na gidan akwai ɓoyayyar maɗaba'a ta ƙungiyar Montoneros, wadda ta ɗauki makami tana yaƙar gwamnatin soja. Mutum biyar aka kashe a ranar, cikinsu har da matar gidan, Diana Teruggi. Mijinta, Daniel Mariani, ba ya nan lokacin, amma shi ma an bindige shi a watan Agustan 1977.

Akwai rai na shida a gidan: ƴarsu Clara Anahí, jaririya ƴar wata uku. Hukuma ta ce ta ƙone a harin, sai dai ba a taɓa nuna gawarta ba. Daga baya shaidu suka faɗa wa kotu cewa an fito da ita da ranta. Har yau ba a san inda take ba.

Tarihinta ya cancanci iyaye da malamai su san shi, domin yana nuna yadda ake ɓatar da yaro a tsakiyar jama'a, da kuma yadda ake gano shi.

Yadda aka mayar da satar jarirai tsari

Sojoji sun ƙwace mulkin Ajantina ranar 24 ga Maris 1976 a ƙarƙashin Janar Jorge Rafael Videla, suka riƙe shi har Disamban 1983. Salonsu shi ne su ɗauke mutum daga gida ko kan hanya, su tsare shi a wurin da ba kowa ya sani ba, su azabtar da shi, su kashe, sannan su ce ba su san zancen ba. Wasu an jefa su teku daga jirgin sama. Kwamitin bincike da gwamnatin farar hula ta kafa ya tattara sunaye kusan 9,000 a rahotonsa na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna cewa adadin ya kai 30,000.

Cikin waɗanda aka kama akwai mata masu juna biyu. Akan bar mace da rai har ta haihu, a wurare irin su ESMA, wata makarantar sojan ruwa da ke babban birnin ƙasar, Buwenos Aires. Bayan ƴan kwanaki sai a karɓe jaririn, a kashe uwar. Jaririn kuma a miƙa shi ga wani hafsan soja, ko ɗan sanda, ko wani na kusa da su. An ƙiyasta yaran da aka ɗauke ta wannan hanya, tare da waɗanda aka sace da iyayensu, sun kai kimanin 500.

A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya. Bindiga tana iya raba jariri da uwarsa, amma ba ta iya ɓoye shi shekara talatin. Abin da ya ɓoye waɗannan yara takarda ce. Likita ya sa hannu cewa wance ta haihu alhali ba ta taɓa yin ciki ba. Ma'aikacin rajista ya rubuta sabon suna da sabuwar ranar haihuwa. Maƙwabta sun ga jariri ya bayyana dare ɗaya a gidan da ba a ga ciki ba, suka kama bakinsu. Da aka kai yaron makaranta, sai aka rubuta shi da sunan ƙarya, ƙaryar ta ƙara samun gindin zama.

Malamar zane da ta zama mai bin sawu

Kakar Clara Anahí ta wajen uba, María Isabel Chorobik de Mariani, wadda aka fi sani da Chicha, malamar zane ce a wata sakandare ta La Plata. Ta shiga ofisoshin ƴan sanda, barikoki, asibitoci, gidajen marayu da kotuna. A shaidar da ta bayar daga baya, ta ce wani shugaban ofishin ƴan sanda ya raɗa mata cewa yarinyar tana raye, amma idan ta ambaci sunansa zai musanta. Ta ce wani babban limamin coci mai hulɗa da sojoji kuma ya gaya mata cewa jikarta tana hannun manya, ta haƙura.

Ba ta haƙura ba. Wata ma'aikaciyar kotun yara ta ba ta labarin wata dattijuwa, Alicia de De la Cuadra, da ke neman jikar da ƴarta ta haifa a tsare. Chicha ta je ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Kafin ƙarshen 1977 sun zama su goma sha biyu, suka kafa ƙungiyar da duniya ta sani da Abuelas de Plaza de Mayo, wato kakannin dandalin Mayo, filin da ke gaban fadar shugaban ƙasa inda iyaye mata ke zagaye kowace Alhamis da farin kallabi a ka.

Aikin akwai haɗari, don an sace wasu daga cikin iyayen matan da suka fara fitowa dandalin, aka kashe su. Saboda haka kakannin kan haɗu a wurin shan shayi kamar masu bikin zagayowar ranar haihuwa. Sukan tsaya a bakin makarantun yara lokacin tashi suna duban fuskoki. Akwai wadda ta shiga aikatau a gidan da ake zargi don ta ga yaro da idonta. Mafi muhimmanci, sun buɗe wa kowane yaro kundi: sunan uwa da uba, ranar da aka kama su, watannin cikin, hotuna, da duk wata magana da wani ya tsegunta.

A watan Maris 1980 suka gano wasu ƴan mata biyu, ya da ƙanwa, Tatiana da Laura, waɗanda aka yasar a wani fili bayan kama mahaifiyarsu. Iyalin da suka karɓe su ta hanyar kotu ba su da hannu a laifin, kuma ba su ɓoye gaskiya ba. Sai aka bar yaran a wurinsu, suna zumunci da danginsu na jini. Tun daga nan aka ga cewa kakannin ba da masu riƙo suke faɗa ba, da masu shafe asali suke.

Jini ba ya ƙarya

Sai wata matsala ta taso. Jaririn da ba ka taɓa gani ba, ta yaya za ka tabbatar wa alƙali cewa naka ne, alhali uwa da uba duk sun mutu? A 1979 ɗaya daga cikin kakannin ta karanta a jarida cewa an yi amfani da gwajin jini wajen tabbatar da uban wani yaro. Suka tambayi kansu: jinin kaka fa, ba zai yi ba? Suka yi ta yawo ƙasa ƙasa da wannan tambaya, har suka haɗu a Amurka da wani likita ɗan ƙasarsu mai gudun hijira, Víctor Penchaszadeh, wanda ya haɗa su da masana. Cikinsu akwai Mary-Claire King, masaniyar ƙwayoyin halitta. Aka fitar da wani lissafi da ke kwatanta alamomin jinin yaro da na kakanninsa, wanda tabbacinsa ke kai kashi 99.9 cikin ɗari. Daga baya aka ƙara da gwajin wani nau'in ƙwayar halitta da ake gada ta wajen uwa kaɗai, ta yadda kaka ta wajen uwa, ko inna, ko kawu, za su iya tsayawa a madadin uwar da aka kashe.

Wadda aka fara mayarwa da wannan hujja ita ce Paula Logares. An sace ta tare da iyayenta a ƙasar Uruguwai a watan Mayun 1978, tana da wata 23. Wani jami'in ƴan sanda ya ɗauke ta, aka yi mata takardar haihuwar ƙarya da ta rage mata kusan shekara biyu. Sunanta na yanka kaɗai suka kasa canzawa, domin yarinyar ta ƙi amsa wani suna in ba Paula ba. Bayan an liƙa hotunan yaran da ake nema a 1983, wani da ya gane ta ya yi magana. A watan Disamban 1984 kotu ta miƙa ta ga kakarta, Elsa Pavón. Malami ya dubi wannan labari da kyau: yarinya ce da ta girmi shekarun da ke kan takardarta, tana zaune a aji a gaban kowa.

A 1987 majalisar Ajantina ta kafa ma'ajiyar ƙasa ta bayanan ƙwayoyin halitta, inda dangin waɗanda aka ɓatar suka ajiye jininsu. Hikimar ita ce ko kaka ta mutu, shaidarta na nan tana jira. Kuma duk da dokokin afuwa na 1986 da 1987 sun kare sojoji daga tuhuma, ba su haɗa da satar yara ba. Ta wannan ƙofa aka sake kama Videla a 1998, kuma a 2012 kotu ta yanke masa shekara 50 bayan ta tabbatar cewa satar jariran shiri ne da aka tsara daga sama. Ya mutu a kurkuku a 2013.

Da yaran suka girma, sai kakannin suka juya neman. Suka riƙa kira ga duk wanda aka haifa a waɗancan shekaru yake shakkar asalinsa da ya zo da kansa. Haka aka yi da jikan Estela de Carlotto, tsohuwar daraktar makarantar firamare wadda ke shugabantar ƙungiyar tun 1989. Wani malamin kiɗa mai shekara 36 ya ji cewa waɗanda suka rene shi ba su suka haife shi ba, ya kai jininsa, a watan Agustan 2014 aka tabbatar shi ne ɗan da ƴarta Laura ta haifa a tsare a 1978. Shi ne na 114. Zuwa tsakiyar 2025 an warware lamari 140. Fiye da 300 suna nan ba labari.

Wadda ba a gani ba

Chicha ta bar ƙungiyar a 1989, ta kafa wata mai sunan jikarta a 1996, ta ci gaba da nema har idanunta suka daina gani sosai. A 2006 kotu ta yi wa Miguel Etchecolatz, babban jami'in binciken ƴan sandan lardin a wancan zamani, ɗaurin rai da rai kan laifuffuka da suka haɗa da kisan Diana. Ranar 24 ga Disamban 2015 aka sanar cewa an ga Clara Anahí, ƙasa ta ɗauki murna. Cikin kwana biyu sai ga sakamakon ma'ajiyar ƙasa yana cewa ba ita ba ce. Sanarwar ta dogara ne da gwajin wani ɗakin bincike mai zaman kansa. Chicha ta rasu ranar 20 ga Agustan 2018 tana da shekara 94. Etchecolatz ya mutu a 2022 bai faɗi inda aka kai yarinyar ba.

Bambancin Paula da Clara Anahí ba a ƙoƙarin kakanninsu yake ba. A lamarin ɗaya an sami wanda ya gani ya faɗa. A ɗayan, duk waɗanda suka sani sun zaɓi su tafi kabari da sirrin.

Abin da ya iso gare mu

Wannan gwagwarmaya ta bar mana gado a rubuce. Lokacin da ake tsara yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamban 1989, Ajantina ce, bisa matsin kakannin, ta dage a sa haƙƙin yaro na riƙe asalinsa. Sashe na 7 ya wajabta a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, ya sami suna da ƙasa, ya san iyayensa. Sashe na 8 ya ɗora wa hukuma nauyin maido masa da asalinsa idan an raba shi da shi. Nijar ta amince da yarjejeniyar a 1990, don haka ta hau kanmu.

Ba sai an yi mulkin soja irin na Ajantina ake shafe asalin yaro ba. A watan Oktoban 2019 ƴan sandan Kano suka sanar da ceto yara tara da aka sace aka kai Onica, kudancin Nijeriya, inda aka sauya musu sunaye. Dabarar ɗaya ce: a nisanta yaro, a ba shi sabon suna, a jira ya manta.

Mu kuwa al'ummar riƙo ce. Muna ba goggo ɗa, muna ba kaka jika, muna tura yaro karatun allo wani gari. Riƙo na gaskiya bai taɓa shafe sunan uba ba, addini ma ya hana. Amma yaron da ba shi da takardar haihuwa, ba hoto, ba wanda ya rubuta ranar da ya tafi da sunan wanda ya tafi da shi, idan ya ɓace babu inda za a fara. Kowane darakta ya san ɗaliban da sai jarrabawa ta ƙarato ake gane ba su da takarda, a yi musu kintacen shekara.

Don haka uba ya je ma'aikatar magajin gari ko cibiyar rajista tun jariri yana cikin zanen goyo. Uwa ta ajiye hoton kowane yaro na kwanan nan, ta koya masa sunan mahaifinsa da na unguwarsu tun yana koyon magana. Idan yaro ya ɓace, a sanar da ƴan sanda ko jandarmomi a ranar, tare da cigiya a masallaci da rediyo, kada a ce bari mu ga gobe. Malami kuma ya riƙe rajistar ajinsa da amana. Idan aka kawo yaron da labarinsa bai haɗu ba, ko shekarunsa sun saɓa wa takardarsa, ko harshensa ba na gidan da ya fito ba ne, ya yi tambaya cikin hikima, ya sanar da darakta, a kai maganar ga hukuma ba tare da tara jama'a kan kowa ba. Zargi ba hujja ba ne, abin da ya faru a Disamban 2015 ya isa izina. Amma shiru ma ba tsira ba ne.

Gidan La Plata yana nan a yau an mayar da shi wurin tunawa, da ramukan harsasai a bangonsa. Clara Anahí, idan tana raye, ta kai shekarun da ita ma za ta iya zama kaka, wataƙila ba ta san ana nemanta ba. Jinin danginta yana ajiye yana jiran ranar da ita, ko wani da ya sani, zai buɗe baki. Allah ya bayyana duk yaron da ya ɓace, ya sanyaya zukatan iyayensa.