Gawayin Murhu da Asirin Taurari

Ya ɗan'uwana mai karatu, idan ka tashi da asuba ka tarar ana hura gawayi domin dama koko, ka ɗauki guda ɗaya ka dube shi da kyau. Wannan baƙin abu da ke ɓata maka yatsu, mafi yawansa sinadari ne da masana ke kira kabon. Shi ne a cikin gero da dawa, shi ne a cikin jini da tsoka. Da za a auna jikinka, kusan kashi 18 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne, kuma babu wani mai rai da aka sani, daga tururuwa har giwa, da aka gina ba tare da shi ba. Neman asalin wannan sinadari ne ya kai wani masani wanda bai yarda akwai Allah ba ga faɗin maganar da bai taɓa zaton za ta fito daga bakinsa ba.

Ina ba ka wannan tarihi ne domin wata rana ɗanka ko 'yarka za su dawo daga jami'a su ce maka kimiyya ta gama da zancen Mahalicci. A ranar, ya kamata ka san hujjar da za ta ɗauki nauyi da wadda za ta karye a hannunka. Saboda haka bari mu soma daga wadda ta karye.

A shekarar 1692, wani matashin malamin ikkilisiyar Ingila mai suna Richard Bentley yana shirya jerin wa'azi a birnin Landan domin amsa wa masu musun Allah. Sai ya rubuta wa Isaac Newton, wanda shekaru biyar kafin nan ya bayyana dokar da ke sa kowane abu mai nauyi ya jawo ɗan'uwansa, ya tambaye shi ko tsarin sama yana nuna hannun Mai tsarawa. Newton ya amsa da wasiƙu huɗu. Ya nuna masa cewa duniyoyin da ke kewaya rana duk sun fuskanci gefe guda, suna tafiya kusan a shimfiɗe ɗaya kamar ƙwai a kan faifai, kuma gudun kowace ya dace da nisanta daga rana. Da gudun ya yi yawa, da ta kufce ta ɓace cikin duhu. Da ya gaza sosai, da ta gangara wajen wuta. A ganinsa, wannan aikin gwani ne wanda ya san lissafi.

Sai dai Newton bai tsaya nan ba. Ya lura duniyoyin suna jan junansu, ya kuma ɗauka cewa ƙananan karkacewa za su yi ta taruwa har tsarin ya bukaci gyara daga hannun Allah. Masanin Jamus, Leibniz, ya yi masa ba'a a 1715, cewa ya mai da Ubangiji kamar maƙerin agogon da bai iya aikinsa ba, wanda dole ya riƙa komowa yana murɗa shi. Shekaru saba'in bayan haka, Laplace na Faransa ya lissafa tafiyar Mushtari da Zuhalu, manyan duniyoyi biyu da suka fi damun masana, ya nuna cewa karkacewarsu kai-da-komo ce da ke daidaita kanta cikin kimanin shekaru 900. A 1796 kuma ya kawo bayanin cewa rana da duniyoyinta sun fito ne daga gajimare guda mai juyawa, shi ya sa suka fuskanci gefe ɗaya.

Ka ga abin da ya faru. Newton mutum ne mai tsoron Allah, amma ya ajiye wani sashe na hujjarsa a cikin giɓin da iliminsa bai cike ba. Da aka cike giɓin, sai waɗansu suka ɗauka an kori Allah daga sama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya ce, tun da ba a san dalilin abu kaza ba lalle a nan Allah yake, ya ba jikokinsa bangaskiyar da za ta riƙa raguwa duk sa'ad da ilimi ya ƙaru.

A ƙarni na ashirin tambayar ta sāke kama. Masana suka fara duban abin da suka riga suka fahimta sarai, suna mamakin yadda ya dace da rai. A 1913, Lawrence Henderson na jami'ar Harvard a Amurka ya jawo hankali ga halin ruwa. Kusan kowane abu idan ya daskare yakan ƙara nauyi ya nutse, amma ƙanƙara tana yawo a bisa ruwa, kamar yadda ka saba gani a kofin zoɓo. Saboda haka tafkunan ƙasashen sanyi sukan daskare daga sama, kifaye su rayu a ƙarƙashi. Ruwa kuma yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa, abin da ke sa teku ta daidaita yanayin duniya.

Yanzu mun iso ga mutumin da na ambata da farko. Fred Hoyle, haifaffen Ingila a 1915, masanin taurari ne a jami'ar Kambirij, bai kuma ɓoye rashin bangaskiyarsa ba. Ya yi shekaru yana jayayya cewa sararin samaniya ba shi da mafari. Abin da ya dame shi shi ne inda sinadarai suka fito. An riga an gane cewa cikin tauraro maƙera ce, inda ƙananan ƙwayoyin zarra ke narkewa su haɗu su zama manya. Domin a sami kabon ɗaya, sai ƙwayoyi uku na hiliyam sun haɗu cikin zafin da ya kai digiri miliyan 100. Biyu sukan fara haɗuwa su zama beriliyam, amma wannan haɗin ba ya daɗewa. Ka raba sakan ɗaya gida miliyan dubu, ka sāke raba gida ɗaya kashi miliyan: rayuwarsa ba ta kai haka ba. Cikin wannan ɗan tsakani ne ta ukun za ta iso ta manne. Bisa lissafi, kabon da za a samu ta wannan hanya bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuwa duniya cike take da shi.

Hoyle ya san ruwa ba ya tsami banza. Idan ka ɗaura garaya biyu a murya ɗaya ka kaɗa guda, tsirkiyar ɗayar takan amsa da kanta. Haka ya yi tunani: lalle ƙwayar kabon tana da wani mataki na kuzari da ya yi daidai da na beriliyam da hiliyam a haɗe, wanda zai sa haɗuwar ta yi sauri ninkin-ba-ninkin. Ya lissafa inda matakin ya kamata ya kasance. A farkon 1953, yana baƙunta a cibiyar Caltech da ke Kalifoniya, ya shiga wurin William Fowler da abokan aikinsa ya roƙe su su neme shi. Da fari sun yi shakka, amma Ward Whaling da ƙungiyarsa suka gwada, suka kuwa same shi kusan daidai inda ya faɗa. A yau ana auna shi a miliyan 7.65 na ma'aunin da ake kira ilektiron-bolt.

Akwai abu na biyu. Idan kabon ya kama wata ƙwayar hiliyam sai ya zama oksijin, iskar da kake shaƙa. A nan kuma matakin oksijin yana 7.12, ɗan ƙasa kaɗan da 7.16 da zai sa haɗin ya yi sauri. Da ya ɗan haura, da yawancin kabon ya rikiɗe ya zama oksijin. An buɗe ƙofa ɗaya, an saya ta biyu, shi ya sa aka sami dukansu biyu a wadace. A shekarar 2000 waɗansu masana uku suka lissafa cewa da ƙarfin da ke ɗaure cikin ƙwayar zarra ya sauya da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, da taurari sun kusan kāsa samar da ɗayan biyun. Hoyle kansa ya rubuta a 1981 cewa mai duban lamarin da idon basira zai ga kamar wani hankali mafifici ya sa hannu a cikin dokokin halitta. Ka lura da gaskiyar tarihi: bai zama mai bin Almasihu ba har mutuwarsa a 2001. Shaidarsa ta mutumin da ya je neman wani abu ne ya yi tuntuɓe da wani.

Ba a rasa masu amsawa ba. A 1973, a wani taro a birnin Krakow na ƙasar Folan domin cikar shekaru 500 da haihuwar Copernicus, Brandon Carter ya tunatar cewa ba za mu iya samun kanmu ba sai a wurin da ya dace da rayuwarmu. Game da duniyarmu, wannan magana tana da ƙarfi. Gaskiya ne muna nisan kilomita kusan miliyan 150 daga rana, inda ruwa ke gudana, alhali a bisa Zara zafi ya haura digiri 450. Gaskiya ne karkatar duniya da digiri 23 da rabi ce ke kawo mana damina da rani. Amma tun 1995 aka fara gano duniyoyi masu kewaya taurari irin rana, yanzu sun haura dubu biyar. A cikin irin wannan yawa, ba mamaki waɗansu su faɗa a wuri mai kyau. Kada ka jingina da wannan fiye da kima, don kada ka maimaita kuskuren Newton.

Zancen kabon dabam ne, gama dokokin da suka kafa matakinsa iri ɗaya ne a duk inda aka hanga. Domin a bayyana shi da sa'a, waɗansu sun ce watakila akwai sammai marasa iyaka, kowace da nata dokoki, mu kuwa mun faɗo a wadda ta dace. Har yau ba wanda ya ga ko ɗaya daga cikinsu. Ka yi tunanin matafiyin da ya sauka a baƙon gari da dare, ya tarar da ɗaki a share, tabarma a shimfiɗe, ruwa a randa, tuwo a rufe da ɗuminsa. Zai iya cewa, da ban tarar da haka ba da ban kwana a nan ba. Maganarsa daidai ce, amma ba ta gaya masa wanda ya share ɗakin ba.

Duk da haka, ɗan'uwana, ka san iyakar wannan hujja. Tana iya kai mutum ƙofar gida ya gane akwai mai gida, kamar yadda ta kai Hoyle. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kuwa faɗin ko yana gafarta zunubi. Wannan sai shi da kansa ya fito ya yi magana. Bisharar Yahaya ta ba mu labarin gawayi sau biyu. A bakin wutar gawayi ne Bitrus yake jin ɗumi a daren da ya yi musun Ubangijinsa. Bayan tashin Yesu daga matattu kuma, almajiran suka fito daga jirgi da asuba suka tarar da wutar gawayi a bakin teku, da kifi a kai, da gurasa. A nan ne ya tambayi Bitrus har sau uku game da ƙaunarsa, ya kuma mai da shi bakin aiki. Wanda ta wurinsa aka yi taurarin da suka ƙera kabon, shi ne ya shirya wa gajiyayyu karin kumallo a kan gawayi.

In ɗanka ya zo da tambayarsa, kada ka tsorata, kada kuma ka tsawata masa. Ka zaunar da shi, ka ba shi labarin Newton da na Hoyle yadda suke, sa'an nan ka kai shi bakin tekun nan.

Ya Ubangiji Mahaliccin sama da ƙasa, ka ba mu zuciya mai son gaskiya, wadda ba ta tsoron ilimi. Ka tsare 'ya'yanmu a wuraren karatunsu, ka bishe su daga mamakin ayyukanka zuwa ga saninka, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.