Manyan Jiragen Bam da Mutanen Cikinsu: Hanyar Kano da Hasarar Hamada

Daga tsakiyar shekara ta 1940 zuwa ƙarshen ta 1942, iyakar da ke kudu da Madawa ta zama iyakar yaƙi, ko da yake rundunoni ba su gwabza a kanta ba. Bayan da Jamus ta ci Faransa cikin watan Yuni 1940, babban gwamna na Dakar, Pierre Boisson, ya bi gwamnatin Vishi, Nijar kuwa tana ƙarƙashinsa. Nijeriya tana hannun Ingila. Cadi kuma ta bi Janar Dagol tun ran 26 ga Agusta 1940, bisa jagorancin gwamna Félix Éboué. Saboda haka mutumin Kaita ko na Buza wanda ya saba kai bisashe kasuwannin ƙasar Sakkwato ya komo da tufa da goro, sai ya wayi gari fataucinsa ya zama fasa-ƙwauri. A daidai wannan lokaci ne Kano, wadda tsakaninta da Kaita bai fi kilomita 400 da ƴan kai ba, ta zama babban zango na jiragen yaƙi.

Dalilin haka shi ne Italiya ta shiga yaƙin, hanyar Bahar Rum ta toshe wa Ingilishi, ga shi kuwa suna bukatar jirage a Masar. Sai suka riƙa kawo su cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su can, sa'an nan su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort-Lamy (watau Njamena), da Aljanaina, da Alfashir, da Hartum, har Alƙahira. Ayari na farko ya tashi cikin watan Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuma jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Daga Kano zuwa tafkin Cadi hanyar tana tafiya kusa da iyakar Nijar. Matuƙin da hazon hunturu ya ruɗe shi ya karkata arewa, to ya shiga ƙasar da ba ta maraba da shi, gama hukumar Vishi takan tsare Ingilishin da suka faɗo hannunta a wurare irin su Kulikoro da Tumbutu.

Jiragen da aka fara wucewa da su ƙanana ne, masu inji ɗaya ko biyu. Da Amurka ta shiga yaƙin cikin Disamba 1941 sai manya suka soma bayyana, masu inji huɗu, waɗanda ake kira B-17 da B-24. Su ba a sa su cikin akwati. Da fiffikensu suke ƙetaro teku daga Barazil su sauka Akra, su ratsa Afirka zuwa Hartum. Faɗin B-24 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya haura mita 33, kuma yana ɗaukar bama-bamai na wajen tan uku da rabi. Wata ƙungiya mai jirage 23 a ƙarƙashin Kanar Halverson ta biyo wannan hanya a 1942, aka tsayar da ita a Masar, daga bisani ita ce ta zama tushen ƙungiyar jiragen bam ta 376.

A nan akwai abin da ya kamata mai rubuta tarihi da Hausa ya lura da shi. Idan an ce jirgi ya faɗi, hankalin mai karatu yakan tafi ga matuƙi kaɗai, domin ita ce kalmar da aka sani. Amma babban jirgin bam na Amurka mutum tara ko goma ke cikinsa, na Ingila irin Lancaster da Halifax kuwa mutum bakwai. Akwai matuƙi da mataimakinsa, da mai lissafin hanya, da mai sakin bam, da mai kula da inji, da mai rediyo, sauran kuma masu bindiga ne. Tsarin ya fi kama da na ayarin fatake, inda madugu ke da iko amma jagaba ke gaba yana nuna hanya, in kuwa jagaba ya kuskure, kowa ya shiga uku. Sanarwar hukumomin soja jirage take ƙirgawa, sai mai karatu ya ninka da kansa.

Idan aka ninka ɗin, abin da ke fitowa yana da nauyi. Ran 1 ga Agusta 1943 jirage 177 na B-24 suka tashi daga kewayen Bangazi don su rushe matatun mai na Ploesti a Rumaniya. 53 suka halaka, mutum 310 suka mutu ko suka ɓace. Ran 14 ga Oktoba na wannan shekara jirage 291 na B-17 suka tasam ma Schweinfurt a Jamus, 60 ba su komo ba, watau wajen mutum 600 cikin yini guda. A daren 30 ga Maris 1944 Ingila ta aika jirage 795 zuwa Nurembag, ta rasa 95. Cikin ƴan jirgi kamar 125,000 da suka yi aiki a rundunar jiragen bam ta Ingila, 55,573 suka mutu, kusan 44 cikin ɗari. Faransa ma tana da nata rabo: ƙungiyoyi biyu, Guyenne da Tunisie, waɗanda ke tashi da Halifax daga Elvington a Ingila a 1944 da 1945, sun rasa mutum 216. Har da ƴan Afirka ta Yamma a ciki, kamar John Smythe na Saliyo, mai lissafin hanya, wanda aka harbo jirginsa a bisa Jamus cikin Nuwamba 1943, ya ƙare yaƙin yana fursuna.

Galibin waɗannan bindiga ce ta kakkaɓo su. A Afirka kuwa akwai wata hasara dabam, wadda mutanen Adar za su fi saurin ganewa, ita ce ta ɓatan hanya da ƙishirwa.

Ran 4 ga Afrilu 1943 da rana, jirage 25 na ƙungiya ta 376 suka tashi daga Suluk, kudu da Bangazi, cikin guguwar rairayi, za su jefa bam a tashar jiragen ruwa ta Napoli. Ɗaya daga cikinsu ana kiransa Lady Be Good. Sabo ne, mutanensa tara ma sababbi ne, wannan ce fitarsu ta farko. Matuƙinsu Laftanan William Hatton. Jirgin ya rabu da ƴan'uwansa, ya juyo gida shi kaɗai cikin dare. Jim kaɗan bayan sha biyun dare Hatton ya yi magana ta rediyo, ya ce na'urarsa ta gane hanya ba ta aiki, a faɗa masa inda zai dosa. Tashar Benina ta ba shi amsa, amma na'urar tashar tana da wani aibi: tana iya nuna layin da jirgi yake kai, ba ta iya rarrabe ko yana gabanta ne ko yana bayanta. Iska kuma tana tura su daga baya, ta sa sun yi sauri fiye da lissafinsu. Suka wuce bisa sansaninsu ba su gan shi ba, suka ci gaba da kutsawa kudu wajen sa'a biyu, suna tsammani har yanzu teku ce a ƙarƙashinsu. Da mai ya ƙare suka diro da laima, sanye da rigunan da ke hana nutsewa cikin ruwa, a wurin da ke da nisan kilomita kusan 700 daga bakin teku.

Jirgin, babu kowa ciki, ya ƙara tafiyar kilomita 26, ya sauka da cikinsa a kan tsakuwa, ya karye biyu, bai kama wuta ba. Akwai ruwa da abinci a cikinsa, rediyonsa kuma lafiya lau. Mutanen ba su san haka ba. Laimar mai sakin bam, John Woravka, ba ta buɗe sosai ba, ya mutu nan take. Sauran takwas suka nemi juna da harbin bindiga da wutar alama, suka haɗu, suka yanke shawarar su nufi arewa maso yamma, domin sun ɗauka bakin teku na kusa. Ruwan da ke hannunsu rabin gora ɗaya ne na soja.

An san yadda kwanakin suka kasance saboda mataimakin matuƙi, Robert Toner, ya riƙa rubutu cikin ɗan littafin aljihu. Kowa murfin gora ɗaya yake sha a yini. Rana ta gasa su, sanyin dare ya hana su barci, rairayi da haske suka lalata idanun wasunsu. Suna tafe suna barin alama, takalma da tsummokin laima da aka danne da duwatsu aka yi siffar kibiya. Bayan tafiyar kilomita kamar 130, biyar suka kasa: Hatton, da Toner, da mai lissafin hanya Hays, da LaMotte, da Adams. Uku masu sauran ƙarfi, Shelley da Ripslinger da Moore, suka ci gaba neman taimako, suka shiga cikin tuddan rairayi na Kalanshiyo. Rubutun Toner ya tsaya ran 12 ga Afrilu. Masu nema kuwa can bisa teku suka fi dubawa, tun da kowa ya ɗauka a ruwa jirgin ya faɗa.

Kel Geres na ƙasar Madawa, waɗanda raƙumansu suka daɗe suna ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri, ba su barin rijiya sai madugu ya ƙidaya kwanakin da ke tsakaninta da ta gaba ya auna su da salkunan da ke kan raƙuma. Samarin nan an koya musu yadda ake tsira a teku, an ba su kayan teku, aka tura su aiki a gefen hamada mafi girma a duniya. Laifin mai lissafin hanya, in akwai shi, ƙarami ne a kan na waɗanda suka shirya su haka. Tafiyar da suka yi da rabin gora kuwa, ko Buzun da aka haifa a Ayar zai jinjina mata.

Ba su kaɗai hamada ta ci ba. Ran 5 ga Fabrairu 1941 wani jirgin Blenheim na Faransawan Dagol, da mutum uku, Claron da Le Calvez da Devin, ya ɓata a kan hanyar komowa daga jefa bam a Kufra, ba a gan shi ba sai 1959. Cikin Mayu 1942 jirage uku na Afirka ta Kudu suka ɓata kusa da Kufra ɗin, cikin mutum 12 ɗaya kaɗai ya rayu. Jamusawan da suka zo da jirgi ɗaya tak cikin Janairu 1942 suka ƙone rumbun mai na Fort-Lamy, don su yanke hanyar Takoradi, su ma mai ya ƙare musu wajen komawa, sai dai sun zauna gindin jirginsu da rediyonsu, aka same su da rai bayan kwanaki.

Labarin yaƙin nan an buga shi da Hausa tun yana gudana, cikin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Amma wannan a hayin iyaka ne. A Nijar makarantar Nasara da Faransanci kaɗai take koyarwa, karatun manya cikin harsunan ƙasa kuma sai bayan samun mulkin kai aka soma shi, aka daidaita baƙaƙensa a taron Bamako na 1966. Shi ya sa kalmomin fannin suka shigo ta ƙofa biyu: ana cewa fetur a Kano, isansi a Tawa; soja can, soji nan. Wannan bambanci mai sauƙi ne ga mai shirya littafin karatu. Wanda ya fi wuya shi ne na fi'ili. Takardun soja suna rarrabe jirgin da aka harbo, da wanda ya faɗi don kansa, da wanda ba a san inda ya shiga ba, haka kuma mutumin da ya mutu, da wanda aka kama, da wanda ya ɓace. Hausa tana da kalma ga kowane ɗaya, sai dai mai fassara mai gaggawa yakan tattara su duka ya ce an yi hasara, ko kuwa ya ce jirgi ya ɓata alhali harbo shi aka yi. Ga iyalan mutanen Hatton, ɓata ɗin nan ta ɗauki shekara 15 ba labari.

Cikin Nuwamba 1958 masu neman man fetur na wani kamfanin Ingila suka hango jirgin daga sama, a farkon 1959 aka isa gare shi ta ƙasa. Cikin Fabrairu 1960 aka tarar da gawawwakin mutum biyar wuri ɗaya, da littafin Toner. Cikin Mayu aka sami Shelley da Ripslinger, kowanne shi kaɗai, da nisa gaba cikin tuddai. Cikin Agusta, watan da Nijar ta sami mulkin kanta, aka ga Woravka kwance da laimarsa, ba nisa da inda sauran suka haɗu. A 1994 hukumomin Libiya suka kwashe ragowar jirgin zuwa Tubruk. Vernon Moore, mai bindiga, ba a tabbatar da ganin gawarsa ba.