Tsufa da ƙarfin ƙafa: yadda dattijo zai ɗora wa kansa burin motsa jiki

Burin motsa jiki shi ne wani aiki takamaimai da dattijo ke zaɓa wa kansa, ya sa masa lokaci, don ƙafa ta ci gaba da ɗaukarsa ba tare da tangaɗi ko faɗuwa ba. A Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, inda gona, kasuwa da rijiya duk da ƙafa ake zuwa cikin rairayi, wanda tafiya ta gagare shi ya koma hannun ƴaƴa da jikoki.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684.000 kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa ta wannan hanya. Wanda ya taɓa faɗuwa kuma yakan ji tsoron fita, zaman ya ƙara kashe masa ƙafa.

Yadda ake tsara buri

Buri nagari yana da ma'auni da wa'adi. "Zan riƙa motsawa" ba buri ba ne. Misali mai kyau shi ne zuwa masallacin unguwa da ƙafa sau biyu a rana kafin wata ɗaya, ko tashi daga kujera sau biyar ba dafa hannu. A shawarwarinta na 2020, OMS ta nemi masu shekara 65 zuwa sama su motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, su kuma yi atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Wanda ya daɗe a zaune sai ya fara da minti biyar.

Awon ci gaba

A tashi daga kujera, a taka mita uku, a juyo a zauna. Idan abin ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, akwai haɗarin faɗuwa. A maimaita awon kowane wata.

Hattara

A fita bayan asuba ko la'asar, musamman a zafin Afrilu da Mayu. A sha ruwa, a riƙe sanda, a kunna tocila da dare. Mai jiri, hawan jini, ciwon suga ko yanar ido ya fara ganin ma'aikacin lafiya a CSI ko asibitin gunduma kafin ya soma.