Frankenstein da Asalin Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Masana adabin Turai sun daɗe suna jayayya a kan littafin da ya cancanci a kira shi mafarin ƙagaggen labarin kimiyya, wato zuben da ke gina abin mamaki a kan ilimin ɗan Adam da na'urorinsa, saɓanin labarin almara wanda ke jingina shi ga sihiri ko aljanu. A shekarar 1973 marubucin nan na Ingila, Brian Aldiss, a littafinsa na tarihin fannin mai suna Billion Year Spree, ya ba da wannan matsayi ga Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a Landan a 1818 ba tare da sunan mai shi ba. Hukuncin yana da ƙarfi, sai dai hujjar da akasarin mutane ke kafawa, ta wutar lantarki da ɗakin gwaji, ita ce mafi rauni.

Gaskiya ne zamanin ya cika da zancen lantarki, domin Luigi Galvani na Italiya ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan aka ratsa ta da shi, kuma a 1803 Giovanni Aldini ya yi irin wannan gwaji a bainar jama'a a Landan da gawar wani da aka rataye. Shelley ta ambaci wannan ilimi a gabatarwar bugun 1831, inda ta bayyana yadda labarin ya samo asali a 1816 a gaɓar tafkin Janiba, lokacin da ruwan sama ya tsare ta a gida tare da Percy Shelley da Lord Byron da John Polidori, har suka yi gasar ƙaga labaran tsoro. Amma a cikin littafin kansa, jarumin labarin, Victor Frankenstein, ya ƙi bayyana yadda ya sa rai a jikin da ya harhaɗa, saboda haka mai neman bayanin kimiyya ba zai tashi da komai ba.

Abin da ya raba littafin da almarar da ta gabace shi yana cikin tarihin karatun Victor. Yana yaro ya shagala da littattafan Cornelius Agrippa da Paracelsus, masu neman sirrin mayar da ƙarfe zinariya, amma daga baya ya bar su, da ya isa jami'ar Ingolstadt a Jamus kuma sai ya rungumi ilimin haɗa sinadarai a hannun malaminsa Waldman. Da wannan sauyi marubuciyar ta toshe masa duk wata kafar uzuri, tunda babu aljanin da ya ruɗe shi, babu kuma tsinuwar da ta biyo shi daga kakanni. Abin da ya aikata, da iliminsa da zaɓinsa ya aikata. Laifinsa mafi girma ma ya zo ne bayan nasarar, lokacin da halittar ta buɗe ido, ya ga muninta, ya gudu ya bar ta. Ita kuwa ta tashi da taushin zuciya, ta koyi magana da karatu ta hanyar laɓewa tana sauraron iyalin De Lacey, ta karanta Milton da Plutarch da Goethe, kuma sai da kowa ya kore ta, har da wanda ya yi ta, sannan ta juya ga kisa. Yana da kyau a tuna cewa mahaifiyar Shelley, Mary Wollstonecraft, ta rasu 'yan kwanaki bayan ta haife ta a 1797, wato ita ma marubuciyar ta tashi ba tare da wadda ta kawo ta duniya ba, ko da yake bai kamata a mayar da littafin tarihin rayuwa ba.

Fim ɗin da James Whale ya shirya a 1931, inda Boris Karloff ya fito a matsayin halittar, shi ya dagula wannan fahimta, domin ya ƙwace mata baki, ya kuma sa mata ƙwaƙwalwar mai laifi da aka sato, ta yadda mugunta ta koma kuskuren kayan aiki maimakon sakacin mai aikin. Wannan siffa ce duniya ta riƙe, har da yawa suka ɗauka Frankenstein sunan dodon ne, alhali Shelley ba ta raɗa masa suna ba. Aldiss ya yi daidai wajen zaɓen littafin, kuma dalilin da ya fi tsayuwa shi ne cewa Shelley ta ɗora alhakin abin al'ajabi kacokan a wuyan masani.